Oseltamivir ga jariran ɗakin kulawa ta musamman: abin da ake gani a gefen kwalba

Likitan jarirai

Assalamu alaikum, abokan aiki. Tambayar da ke dawowa duk lokacin da infuluwenza ta shigo ta sake dawowa: jariri yana kwalba, wato na'urar ɗumama jarirai, gwaji ya nuna cutar, a ba shi oseltamivir, maganin infuluwenza na sha, ko a dakata? Ina roƙon kowa ya kawo abin da idonsa ke gani a ɓangarensa, da lissafi in akwai.

Ga inda nake tsaye. A watan Disamba na 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a ba jariri maganin daga mako 2 da haihuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar sun ƙara gaba, sun ce a bayar tun daga ranar haihuwa idan buƙata ta kama. Jaririn da ya cika watanninsa ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, sau biyu a rana, kwana 5. Ya fi aiki idan an fara cikin awa 48, amma wanda ke kwance a asibiti ana ba shi ko da an wuce haka.

A binciken da aka kafa hujja da shi, cikin yara 135 'yan ƙasa da shekara ɗaya, amai ya kama kusan kashi 9 cikin ɗari, gudawa kashi 7, ƙurajen mazaunai kashi 7. Abin da ake gani a ɗaki bai yi nisa da wannan ba. Ita kuwa cutar, ga bakwaini mai raunin huhu, tana iya mayar da shi kan na'urar numfashi cikin dare ɗaya. Don haka ni ba na jira.

Mai harhaɗa magunguna

Wa alaikumus salam, Likita. Na yarda da kai, sai dai miligiram 3 ɗin nan shi ne tarkon. Shi kowa ya haddace, shi hannu ke rubutawa da ƙarfe ukun dare, alhali yawancin 'yan kwalba ba nasu ba ne.

Bakwaini ana yi masa lissafi ne da makonnin da ya yi a ciki haɗe da makonnin da ya yi a duniya. Idan jimillar ba ta kai mako 38 ba, miligiram 1 a kilo. Daga 38 zuwa 40, miligiram 1.5. Sai ya haura 40 ake ba shi 3. Duka sau biyu a rana. Wanda aka haifa ƙasa da mako 28 kuwa, ba a rubuta masa sai an yi shawara da likitan cututtuka masu yaɗuwa na yara.

Misali, an haifi jariri a mako 29, yau makonsa 4, nauyinsa kilo 1.2. Jimilla 33 ke nan, saboda haka miligiram 1.2. Maganin ruwan yana ɗauke da miligiram 6 a kowace mililita, ka ga mililita 0.2 zai sha. In aka bi lissafin cikakken jariri, an ninka masa uku, sau goma cikin kwana biyar. Wani kuma an haife shi a mako 35, makonsa 4, kilo 2.4: jimilla 39, miligiram 3.6, mililita 0.6.

Tarko na biyu ƙarfin maganin ne. Da can kwalbar kamfani miligiram 12 ce a mililita, aka mayar da ita 6 a 2011 a Amurka, kuma wanda ake haɗawa daga kafso a lokacin ƙarancin magani ya taɓa zama 15. Tsofaffin takardun da ke manne a bangon ɗakuna wasu har yanzu da waɗancan lambobin suke. Shi ya sa takardar da aka rubuta mililita kawai ba na karɓarta. A rubuta miligiram, a rubuta nauyin yau, a rubuta jimillar makonni, mu za mu fitar da mililita, wani kuma ya sake bi.

Sista ta ɗakin bakwaini

Malam mai magani, mililita 0.2 a takarda abu ne mai sauƙi. A hannu ɗigo huɗu ne ko makamancin haka, kuma yana da hanyoyin ɓacewa da yawa kafin ya isa ciki.

Sirinjin baki na mililita 1 ake aunawa da shi, ba na 5 ba, domin layukan babban sirinji ba sa nuna 0.2 daidai. Kada kuma a kuskura a ɗiba da sirinjin allura. Farin ruwa ne, idan yana cikin sirinjin da bakinsa ke shiga robar jijiya, wata rana wani zai tura shi can. A girgiza kwalbar sosai kowane ɗiba, saboda garin yana kwanciya: wanda ya ɗiba daga sama ya ba da ruwa, wanda ya zo ƙarshen kwalba ya ba da kauri.

Sai robar abinci ta hanci. Cikinta kaɗai yana iya riƙe maganin gaba ɗaya. Idan aka tura 0.2 ba a bi da komai ba, a cikin robar zai zauna har abinci na gaba, in kuma an zuƙo ciki don duba saura kafin lokacin, an fito da shi an zubar. Tsarin da ke aiki: a tabbatar robar tana ciki, a zuƙo a duba saura tukuna, a tura magani, a bi shi da nono ko ruwa mai tsabta kamar rabin mililita zuwa ɗaya, ko a haɗa lokacinsa da na abinci. Da abinci amai ya fi sauƙi. Idan robar a buɗe take don fitar da iska, kamar ga masu na'urar hura iska ta hanci, a rufe ta na ɗan lokaci bayan magani gwargwadon abin da likita ya yarda.

Tumbuɗi kuma daban, amai daban. Ɗan nonon da ya gangaro gefen baki bayan awa ɗaya ba dalilin sake magani ba ne. Ko amai ne na gaske nan take, a faɗa wa likita, kada nas ta maimaita da kanta.

Mai harhaɗa magunguna

Sista, gaskiyarki. Ga 'yan ƙasa da kilo ɗaya da rabi ana iya sirkawa: mililita 1 ta magani a mililita 5 ta ruwa mai tsabta, ya koma miligiram 1 a mililita, sai jaririn can ya sha 1.2 maimakon 0.2. Amma a ɗakin magani za a sirka, a manna takarda a jiki, a yi amfani da shi nan take. Ƙarfi iri biyu suna yawo a ɗaki ɗaya ba lakabi, an koma gidan jiya. Kwalbar kamfani da aka jiƙa da ruwa mililita 55 tana kwana 17 a firji, ko kwana 10 a waje idan zafin ɗakin bai wuce digiri 25 ba. A rubuta ranar da aka jiƙa.

Likitar ƙoda ta yara

Bari in faɗi dalilin rage adadin, don wanda ya san dalili ba ya mantawa da lamba.

Abin da aka haɗiya ba shi ke yaƙar bairos ɗin ba. Hanta ce ke juya shi zuwa sinadarin da ke aiki, shi kuma wannan ta ƙoda kaɗai yake fita, kusan gaba ɗayansa, ta tacewa da kuma turawa ta bututun ƙoda. Ƙodar ɗan tayi ba ta gama ƙirƙirar matatunta sai wajen mako 34 zuwa 36, kuma ko ta gama, tacewarta ƙasa take a makonnin farko. Saboda haka magani yana daɗewa a jinin bakwaini. Binciken da aka buga a 2010, kan bakwaini da aka ba maganin lokacin annobar infuluwenza nau'in H1N1 ta 2009, ya nuna miligiram 1 a jikinsu yana kai matakin da miligiram 3 ke kaiwa a jinin manyan jarirai. Jarirai 20 ne kacal a ciki, ya kamata mu riƙa tuna haka idan muna magana da ƙarfin gwiwa.

Abin da ake yawan tsallakewa shi ne sauran magungunan da jaririn ke kai. Gentamicin, vancomycin, ibuprofen ko indomethacin da ake bayarwa don rufe bututun jinin nan na kusa da zuciya, duk suna rage aikin ƙoda. Ba sa faɗa da oseltamivir kai tsaye, amma suna toshe masa ƙofar fita. A auna fitsari ta nauyin nafkin. Idan ya sauka ƙasa da mililita 1 a kilo a awa, ko kiratinin, sinadarin jini da ke nuna aikin ƙoda, yana hawa, a zauna a sake lissafi kafin a ba shi magani na gaba, sau da yawa tazarar ake faɗaɗawa. Kiratinin na kwana biyu ukun farko kuwa na uwa ne, kada ya ruɗe ku ko ta wane ɓangare.

Ƙaramin likita

Ranku ya daɗe, tambaya. Jariri an haife shi a mako 39, kwanansa 3, uwa tana da infuluwenza, shi ma gwaji ya nuna. Cikakke ne, to 3. Amma jimillar makonninsa 39, to 1.5. Wanne zan bi?

Likitan jarirai

Jadawalin makonni na bakwaini ne. Wannan cikakke ne, a rubuce 3 ne nasa. Hukumar magunguna ta Turai ma haka ta tsara: 3 ga jarirai har da sabbin haihuwa cikakku, ta cire waɗanda ba su kai mako 36 ba saboda ƙarancin bayanai.

Likitar ƙoda ta yara

A rubuce haka ne, Likita, ban musa ba. Amma ƙodar ɗan kwana 3 ba ta karanta takarda ba. Idan ya sha wahalar haihuwa, bai yi kuka da wuri ba, ko fitsarinsa kaɗan ne, ni ba zan sa hannu a kan cikakken adadi sau biyu ba sai na ga gwaji. Ƙanena, ka duba nafkinsa kafin ka duba jadawali, sannan ka kira babbanka.

Likitan tiyatar yara

Ni cikin jaririn nake ji wa. Maganin ruwan cike yake da sobitol, sinadarin zaƙi wanda ke jawo ruwa cikin hanji, kuma hanjin bakwaini ba ya son abu mai kauri. Duk wanda ya taɓa buɗe cikin jaririn da hanjinsa ya ruɓe ba ya wasa da abin da ake turawa ta roba. Ban ce an tabbatar maganin yana jawo ruɓewar hanji ba. Abin da nake cewa, waɗanda ake ba shi su ne daman ke bakin ramin, kuma rashin iskar oksijin da murar ke kawowa yana ƙara tura su.

A auna faɗin ciki da tef a daidai cibiya, wuri ɗaya kullum, kafin a fara da kuma kowane canjin aiki. Ciki ya yi sheƙi ya ɗaure, abin da aka zuƙo ya koma kore, jini a kashi: a tsayar da komai na baki, a ɗauki hoto, a kira mu. Kashi mai ɗan ruwa da ciki mai laushi kuwa, a ci gaba, a kula da ruwan jiki, a shafa man kariya a mazaunai tun kafin su saɓe.

Mai harhaɗa magunguna

Dakta, bari mu sa lamba don kada tsoron ya fi abin girma. Sobitol giram 2 ne a cikin miligiram 75 na magani. Jaririn da ke shan 1.2 yana samun kusan miligiram 32 ke nan, mai shan 10 kusan 270. Na farkon ba wani abu ba ne, balle an sirka. Inda sobitol ke zama haɗari na gaske shi ne jaririn da ya gaji cutar rashin iya sarrafa sukarin furuktos. A tambayi tarihin gida. In akwai shakka, sai a haɗa masa daga kafso da ruwa, a bar na kwalba.

Likitan cututtuka masu yaɗuwa

Tsoron da manya da yawa ke yi wa maganin nan yana da asali. An gwada shi a kan ɓeraye 'yan kwana 7, wasu suka mutu, kamfanin ya fitar da gargaɗi a 2003 cewa kada a ba 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Amma adadin da ya kashe ɓerayen ya haura miligiram 600 a kilo, mu kuwa 1 zuwa 3 muke magana. Da annobar 2009 ta zo aka ba da izinin gaggawa, jarirai da yawa suka sha, ba a ga illar ƙwaƙwalwar da ake gudu ba. Rahotannin ruɗewa da suka tayar da hankali a Japan kuma galibinsu kan manyan yara da matasa ne.

Wata matsalar ita ce ɗora wa magani laifin cuta. Jariri ya fara sha da safe, da dare ya ɗauke numfashi sau uku, sai a ce magani ne a tsayar. Ɗauke numfashi, sanyin jiki, kasala, ƙin nono, su ne fuskar infuluwenza a wannan shekarun, zazzaɓi ma ba lallai ya zo ba. An gudu gara an faɗa gidan zago. Abin da ke sa a tsayar nan take shi ne fata: ƙuraje masu yaɗuwa, ƙuna-ƙuna mai ruwa, saɓar leɓe ko ido, kumburin fuska. Ba safai ake gani ba, amma a riƙa buɗe jaririn ana duba shi duka.

Madadin kuwa kaɗan ne. Zanamivir na shaƙa na manyan yara ne, yana iya ƙuntata hanyar iska, kuma garinsa haɗe yake da laktos, sukarin madara. Kada a narka shi a zuba a na'urar numfashi, a 2009 an samu mutuwa saboda ya toshe na'urar. Peramivir na jijiya daga wata 6 aka amince da shi a Amurka, zanamivir na jijiya ma daga wata 6 a Turai. Baloxavir a Amurka daga shekara 5 ne, kuma kalsiyam da sinadarin ƙarfe suna kama shi a hanji, ga jaririn da abincinsa madara. Amantadine an daina, infuluwenza nau'in A ya daɗe da fin ƙarfinsa, nau'in B kuma daman bai taɓa jin sa ba. Saboda haka jaririn da aka hana wa komai ta baki shi ne mai wahalar gaske, shawararsa ta mutum ɗaya ba ce: likitan jarirai, na tiyata, mai magani da mu, a auna ko hanjin zai ɗauki ɗigon, ko a nemi na jijiya a wajen ƙa'idar shekaru tare da sanin iyaye.

Idan an kai kwana 5 jariri bai gyaru ba, ana iya ƙara kwanaki. Idan kuma H1N1 ne yana ta ƙaruwa duk da magani, a tura samfur a nemi sauyin halittar bairos da ake kira H275Y, wanda ke kashe ƙarfin oseltamivir, ya raunana peramivir, ya bar zanamivir.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje

A taƙaice daga wajenmu. Gwajin gaggawa na minti goma sha biyar idan ya ce babu, ba shaida ba ce, yana tsallake masu cutar da yawa. PCR, gwajin da ke gano ƙwayar halittar bairos, za a nema. Samfurin daga can bayan hanci ake ɗauko shi da siririn tsinken jarirai, ba majinar bakin hanci ba. Wanda ke da bututu a maƙogwaro a haɗo da abin da aka zuƙo daga ciki, wani lokaci hanci ya ce babu, huhu ya ce akwai. A sa a ruwan ɗaukar bairos, a kawo da sanyi. Kada kuma a maimaita PCR don sanin ko magani ya yi aiki, ragowar bairos yana nunawa bayan jariri ya warke.

Likitan jarirai

Ƙari ɗaya a kan wannan: idan zato ya yi ƙarfi, kamar uwa ko nas mai kula da shi ta kamu, a ɗauki samfur a fara magani, sakamako ya same mu a hanya. Kuma ganin infuluwenza ba ya soke gwajin jini na bakteriya. Su biyun suna zuwa tare, maganin bakteriya yana nan sai an ga jini bai tsirar da komai ba.

Sista mai kula da hana yaɗuwar cuta

To, sauran jariran da ke ɗaki ɗaya da shi fa? Nan ake yawan rabuwa. Ƙa'idar ta ce a ba da na kariya daga wata 3, miligiram 3 a kilo sau ɗaya a rana. Ƙasa da wata 3 ba a so sai idan lamarin ya yi tsanani. Kusan duk 'yan ɗakinmu kuwa ƙasa da wata 3 suke.

Abin da ke hannunmu dai: mai cutar a keɓe shi, ko a tara masu ita gefe guda da nas ɗinsu daban. Kwalba ba katanga ba ce, hannun da ya shiga tagarta shi ke kai cuta. Takunkumi, safar hannu, riga, na aƙalla kwana 7 daga fara ciwo ko awa 24 bayan alamu sun tafi, wanda ya fi tsawo, kuma jarirai sun fi manya daɗewa suna fitar da bairos. Cutar tana ɓoye kwana 1 zuwa 4, don haka waɗanda suka yi kusa a sa musu ido sosai a wannan tsakanin, a dakatar da kawo sabbi gefensu. Jariri bai fita ko'ina ba, wani babba ne ya kawo masa, kuma sau da yawa ma'aikaci ne da ya ce 'yar mura ce ya daure ya zo aiki. Babu allurar rigakafi ga ɗan ƙasa da wata 6, sai ta uwa lokacin ciki da ta waɗanda ke kewaye da shi.

Mai jego da ta kamu ta sha nata maganin, ta ci gaba da tatsar nono, ta wanke hannu ta sa takunkumi. Abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai, ba ya cutar da jaririn, ba ya kuma warkar da shi. Kada a rage masa nasa don wai yana samu ta nono.

Likitan cututtuka masu yaɗuwa

Sista, kan na kariya ba na raba wa ɗaki gaba ɗaya saboda jariri ɗaya. Idan na biyu ya bayyana, alamar cutar tana yawo a ciki, sai a zaɓi waɗanda in sun kamu ba za su ɗauka ba: masu ciwon huhun bakwaini, masu ciwon zuciya, 'yan ƙananan nan. Adadinsu na jadawalin makonni, sau ɗaya a rana. Duk wanda ya nuna alama a cikinsu, a gwada shi a mayar da shi sau biyu a ranar, domin rabin magani a kan cutar da ta riga ta kama shi ke koya wa bairos turjiya.

Ƙaramin likita

Na gode, ranku ya daɗe. Saura ɗaya: jaririn da ya fara a mako 37 da kwana 5, ya shiga 38 ana tsakiyar magani, a ƙara masa zuwa 1.5?

Mai harhaɗa magunguna

Idan yana samun sauƙi kuma kwana 5 zai yi, a bar shi a kan wanda ya fara. Canji a tsakiya takarda biyu yake haifarwa, sirinji biyu, wata nas ta bi tsohuwa wata ta bi sabuwa. Idan za a ƙara masa kwanaki, a rana ta shida a sake auna shi, a sake ƙirga makonninsa, a duba fitsari, a soke tsohuwar takardar da layi, a rubuta sabuwa.